Mai Aski da Katun ɗin Dodanni

Wani ne, mai aski, yana aiki a shagon yayan matarsa. Kujeru uku ne a shagon. Ta bakin ƙofa ta mai shago ce, ta tsakiya ta wani da ake kira Dogo, tasa kuwa tana can lungu kusa da famfo, inda madubin ya tsage. Ba don iya aski aka ɗauke shi ba. Matarsa ce ta yi wa yayanta kuka sati biyu cur, sannan aka miƙa masa inji da tawul, aka ce ya riƙe da hannu biyu, don nan ne wuri na biyar da ya yi aiki a shekarar.

Wata rana wani malamin makaranta ya zauna a kujerarsa, ya jingina waya a jikin kwalbar man gashi, ya kunna. Mutumin naka ya leƙa, ya ga zane ne yake motsi, mutane masu manyan idanu da gashi tsaitsaye.

Ya ce, "Malam, da gemunka da furfurarka kake kallon katun?"

Malam ya ce, "Wannan ba na yara ba ne. Yi askinka."

Bai rufe baki ba aka fille wa wani kai a cikin wayar, jini ya wanke bango. Mutumin ya matso.

"A katun ake wannan ɓarnar?"

Malam ya yi masa bayani. Labarin wani saurayi ne mai haƙa kabari. Inuwarsa tana cin dodanni. Amma duk dodon da ta cinye, sai ya manta mutum ɗaya da yake ƙauna.

"Wa da wa ya manta?"

"Ƙanwarsa da amininsa. Saura uwarsa."

"To ya daina mana."

"In ya daina, dodanni su cinye garin."

Mutumin ya yi tsaye, baki buɗe, inji yana ta kuka a wuri ɗaya. Malam ya tafi da fili a ƙeya kamar gindin kofi, bai sani ba sai da 'yan ajinsa suka fara faɗuwa daga benci don dariya.

Kafin sati ya zagayo mutumin ya sa an tura masa kashi sittin na katun ɗin a wayarsa. Matsalar ɗaya ce. Mutanen cikin katun ɗin wani yare suke yi da bai taɓa ji ba, fassara kuma a rubuce take fitowa a ƙasa, tana gudu kamar an biyo ta. Karatu yana son ido biyu, aski ma yana son ido biyu, shi kuwa biyun kawai Allah ya ba shi. Sai ya ba wa katun idanun, ya bar wa kan mutane hannu. Wanda ya ce a rage masa kaɗan ya tashi da tal-kwabo. Wanda ya ce a kwashe duka ya tashi da ƙahoni biyu a gaba.

A gida ma bai bar matarsa ta huta ba. Yana tsaye a tsakar gida da rana tsaka, yana harare-hararen inuwarsa.

Ya ce, "Uwargida, in wata rana kika ga na manta ki, ki yi haƙuri. Garin nake ceto."

Ta ce, "Ka manta ni, ba komai. Kada dai ka manta Yaya ya ce ya fara gajiya da kai."

Akwai abin da ya fi burge shi a katun ɗin. Ba wanda yake kai sara sai ya faɗi sunan saran da babbar murya, abokin faɗan kuma ya tsaya ya jira shi ya gama. Ya ce wannan ita ce tarbiyya, mutanen yanzu ne ba su da ita.

Ran nan wani direban bas ya shigo gyaran gemu, ƙato, wuyansa kamar turmi. Mutumin ya ɗaura masa tawul, ya shafe masa fuska da kumfa, ya kwantar da kujera. Sannan ya ja da baya taku biyu, ya ware ƙafafu, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga aska sama. Ya sauke murya can cikin ciki.

"Sara na bakwai. Kukan Makabarta, mai raba wuya da..."

Direba bai jira sauran ba. Da tawul da kumfa ya yi waje, ya tsallake kwata, ya bar takalmi ɗaya a bakin ƙofa. Dogo ya bi shi yana roƙon ya dawo da tawul.

Mutumin ya leƙa titi ya ce, "Ka ga rashin tarbiyyar da nake faɗa. Ko sunan ban gama ba."

Mai shago ya ce ya isa haka. Ya karɓe wayar, ya jefa a durowa, ya kulle, ya sa makulli a aljihu. Sannan ya je lungu ya zauna a kujerar mutumin da kansa, gaban Dogo da mutum uku da ke jiran layi a benci.

Ya ce, "Yi mini aski. In ya yi kyau, ka zauna. In ka ɓata, ka ajiye mini injina ka kama gabanka. Ko ƙanwata za ta yi kukan jini ba zan waiwaya ba."

"To, Yaya."

"Kuma ban da kiran sunan sara."

"Ko a hankali?"

"Ko a zuci."

Mutumin ya kama aiki. Abin mamaki, ashe ya iya. Inji yana tafiya sumul, layi yana fita kamar da ma'auni aka ja. Ya gama gefen dama tas. Dogo ya gyaɗa kai, na benci suka ce ka ga hannu. Mai shago ya kalli madubi, ransa ya yi sanyi, sai ya ga bari ya yi wa surukin nasa nasiha.

Ya ce, "Ka gani ko? In ka nutsu kana iyawa. Ni da kake gani, ba a kan kujera aka haife ni ba. Ina da shekara tara mahaifinmu ya rasu. Almakashi ɗaya ya bar mini, shi ma ya yi tsatsa."

Mutumin ya ɗago kai ya dube shi ta madubi.

"A gindin bishiya na fara, a kan bulo nake zaunar da mutane. Ranar da aka yi ruwa, ba aiki. Ina tuna mahaifiyarmu tana tsaye a ƙofa tana jirana, ta ce da ni, ɗana, wata rana za ka yi shagon kanka."

Mutumin ya kashe inji.

Ya ce, "Yaya, don Allah ka yi shiru."

"Ban gama ba. Sai ta share mini hawaye da gefen zaninta..."

"Yaya, ka tsaya a nan. Wataƙila a samu a ceto ka."

Mai shago ya ce shi fa sai ya kai ƙarshe, ya ci gaba har ranar da ya sayi madubinsa na farko. Yana rufe baki, mutumin ya ajiye inji, ya rungumo kan mai shago, rabi a aske rabi da gashi, ya fashe da kuka.

"Dogo, kawo masa ruwa. Kira ƙanwarsa, ka ce ta taho yanzu, kada ta tsaya neman mayafi mai kyau. Yaya, ka yafe mini tawul ɗin da direba ya gudu da shi. Ni ma na yafe maka kujerar lungu."

Wani dattijo a benci ya ce, "Kai, lafiya? Me ya same shi?"

Mutumin ya share majina da tawul ɗin da ke wuyan mai shago.

Ya ce, "Baba, kashi sittin na kalla. Jarumi ne ko dodo, ba wanda ya taɓa ba da labarin yarintarsa ya kai kashi na gaba. Wanda ya ambaci uwarsa kuwa, ko lokacin sa talla ba ya kaiwa da rai."

Mai shago ya fizge kansa ya miƙe, gefe ɗaya yana sheƙi, ɗayan kamar ciyawar bayan gida.

Ya ce, "Ni kake yi wa fatan mutuwa a shagona? Fita. Na kore ka."

Dogo ya shiga tsakani. Na benci suka tashi suna ba da haƙuri, a duba ƙanwa, a duba 'ya'ya, a bar shi ko rabin kan ya ƙarasa. Mai shago ya rantse ba zai sake taɓa masa inji ba. Mutumin ya dafa kafaɗar Dogo, hawaye na zuba, ya girgiza kai.

Ya ce, "Ku bar shi ya kore ni, kada ku ɓata masa rai. Korar ta kwana nawa ce?"