Cajar Marigayi

"Lafiya lau, tsohuwa mai ran ƙarfe. Yau ma kin ƙi tafiya?"

"Sai na ga bayanka, mijin da ba ya cefane. Ina cajar da ke bayan gadona?"

Jikan nata, ƙato da gemunsa, ba shi da aiki ranar hutu sai tsintar tsofaffin cajojin waya yana guntule musu kai, yana ba ƙananan fitilu da fankokin da yake haɗawa wuta da su. Ya nuna mata 'yar fankar da ya ɗora mata a tebur, sai wani hura hanci yake yana jiran yabo. Kaka ta bi igiyar da ido har soket, ta zauna a bakin gado ba shiri.

Cajar wayar marigayi mijinta ce, mai siririn baki, irin wadda aka daina yi. Shekara huɗu ba ta bari wayar ta mutu ba, domin in ta mutu lambar sirri za ta nema, lambar kuwa ta bi mai ita kabari. Muryarsa na ciki, ita take saurara in kewa ta dame ta. Yanzu saura layi ɗaya a batirin.

Jikan ya tashi da sauri. Ya zazzage kwandon shara a tsakar ɗaki, ya tono kan cajar a cikin ɓawon lemo.

"Kishi ne," in ji Kaka. "Ka kasa da shi yana raye, shi ne za ka kashe min shi sau biyu."

"Wane kishi zan yi da mai haƙori uku? Riƙe min nan, ki daina karkarwa."

"Hannunka ne ke karkarwa, injiniyan bola."

Gaskiyarta. Da ya feƙe igiyar don ya mayar mata da kanta, ya tarar silin biyu duk baƙaƙe ne, ba ja ba fari. Ya gaya mata in ya juya su wayar ƙonewa za ta yi. Ta ce to ya bari. Ya ce in ya bari wayar mutuwa za ta yi. Wayar ta yi ƙarar gargaɗi, su biyun suka zabura.

Ya gwada silin da na'urar awon wuta har sau uku, ya haska ramin kan cajar yana bin kowane sili, sannan ya ɗiga dalma. Zufa na sauka ta gemunsa. Kaka ta runtse ido tana salati, ya soka cajar a wayar.

Shiru. Can sai layin batiri ya fara hawa.

"Yaya, tsohuwa? Ni da shi wa ya fi?"

Kaka ta rungume wayar a ƙirji, tana dariya hawaye na zuba.

"Ka ci, na yarda kai ma miji ne. Amma yi mana waje ka ja ƙofa, zan gaisa da na gaskiyan."