Karen da Bai Taɓa Saɓa Umarni Ba

Wani ne a unguwarmu ta Giesing, muna haɗuwa da shi a maƙabarta wajen ba furanni ruwa. Matarsa ta rasu ta bar masa wani ƙaton kare, irin wanda ake kira boksa, mai suna Poldi, fuska kamar an taka, yawu kamar famfo. Karen nan maganar marigayiya kaɗai yake ji.

Mai gidan da yake haya, Frau Haberl, ta ce ko dai Poldi ya ci jarrabawar ladabi a ƙarshen wata, ko kuma su tattara su biyun su bar gidan. Mutumin ya ruga ƙungiyar masu karnuka. Mai horarwa, wani dattijo Stangl, ya ce masa boksa ba ya son tsawa, sai haƙuri da sassauci.

"Kada ka tilasta shi. Ka jira. In ya zauna don kansa, ka ce 'zauna', ka ba shi guntun hanta."

Mutumin ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya cika aljihu da hanta, ya shiga bin kare. Poldi ya tone furannin Frau Haberl, mutumin ya ce "Tona!" ya ba shi hanta. Karen ya fizge burodi a hannun wani ɗan sanda, mutumin ya ce "Karɓa!" ya ba shi hanta. Karen ya ja shi cikin kogin Isar da kwat da hula, mutumin yana shan ruwa yana cewa, "Iyo!"

Ranar jarrabawa ana yayyafi. Alƙaliyar, wata doguwa mai tabarau, ta ce ya sa kare ya zauna. Mutumin ya harɗe hannuwa. Minti biyar. Minti goma. Ta tambaye shi me yake jira, ya ce jira yake karen ya zauna, sai ya umarce shi.

Can Poldi ya gaji da tsayuwa, ya daka tsalle ya kayar da ita cikin taɓo, ya hau wanke mata fuska da harshe.

"Lasa!" in ji mutumin, yana laluben aljihu.

Ta miƙe tana neman tabarau. "Malam, shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin karen da ba ya jin magana kamar wannan ba."

"Haba, ranki ya daɗe. Wata guda cur bai saɓa mini ko sau ɗaya ba. Ke ce dai kike son a ba shi umarni tun bai aikata ba."