Karatun da Maƙwabta Ke Ji

A wani daji da ke tsakanin dutse da fadama, akwai wata al'ada da babu wanda ya san mafarinta: ba a yarda gida ya ɗauki malamin lesin ba sai maƙwabta suna jin karatun daga nasu gidajen. Idan murya ta kai gida na biyu, a ce malamin ba laifi. Idan ta kai na uku, a ce iyayen yaron sun san abin da suke yi. Idan kuwa aka ji shiru, sai a fara tambayar juna a bakin rafi ko lafiya.

Makarantar dajin a gindin tsamiya take, a hannun Malam Gauraka. Yara sun yi yawa, malami ɗaya, shi ya sa duk mai hali yake neman wanda zai ƙara wa ɗansa karatu a gida. Karatun kuma ba na wasa ba ne, sanin sawu ne. Da kaka ake jarrabawa. Malam Gauraka zai tsaya a gaban yaro, ya kira sunansa da ƙarfi, ya nuna masa sawu a laka, ya tambaye shi na wane ne. Wanda ya ci, a bar shi ya yi kiwo a fadama, inda gara da tsutsa suke a wadace, inda kuma dila da tunku suke yawo. Wanda ya faɗi sau biyu an rufe masa fadama ke nan, sai dai ya ƙare rayuwarsa a kan dutse yana tonon tsakuwa.

Lantana Bushiya tana da ɗa mai suna Tanimu, kuma ya riga ya faɗi sau ɗaya. Ba amsar banza ya bayar ba. Bai ba da kowace amsa ba. Malam Gauraka na kiran sunansa ya dunƙule, kai da ƙafafu suka ɓace, sai ƙaya. Aka jira, aka gaji, aka mirgina shi gefe, aka kira na gaba.

Maƙwabciyarta Delu Zabuwa, wadda ba a yin abu a unguwar ba ta sa baki ba, ita ta fara kawo mata Malam Biri. Malam Biri mutum ne mai fara'a. Duk aikin gida da aka ba Tanimu, na zana sawu a ƙasa, shi yake zana shi da hannunsa, ya yi kyau har ya fi na mai sawun. A makaranta aka fara yabon Tanimu. Lantana ba ta farga ba sai ranar da ta nuna wa yaron sawun ƙafarta ita kanta, ya daɗe yana kallo, ya ce yana jin na kada ne.

Sai Delu ta ce ai dama ita Malam Zakara take nufi, bakinta ne ya kuɓuce. Malam Zakara shi ne malamin da kowa ke so. Ba ya makara, kuma muryarsa tana wuce gida na uku ta shiga na huɗu. Ranar farko ya tsaya a ƙofar gida, ya buɗe ƙirji, ya kira sunan Tanimu. Tanimu ya dunƙule. Malam Zakara bai damu ba. Ya yi tambaya, ya ba kansa amsa, ya ce madalla, ya wuce ta gaba. Haka aka yi ta yi kullum. Da Lantana ta tambaye shi yadda yaron yake, ya ce mata tunda yake koyarwa bai taɓa samun ɗalibi mai natsuwa irin wannan ba, ko sau ɗaya bai katse shi ba.

Lantana ta ji daɗin maganar, don da ma a bakin rafi an fara gaishe ta da ladabi. Amma damina tana tafiya, kuma har yanzu ba ta ga hancin ɗanta a lokacin karatu ba.

Wata rana bayan malam ya tafi, ta ji an yi gyaran murya a saman kanta. Ta duba reshen ɓauren da ke ƙofar gidan, ba ta ga kowa ba, sai da wani ganye ya juyo da ido ɗaya. Malama Hawainiya ce. Ita ma 'yar ƙungiyar malaman lesin ce, amma ba a cika neman ta ba, don ba ta zuwa kan lokaci, muryarta kuma ko ƙofar gida ba ta fita.

Ta ce, “Maman Tanimu, na daɗe ina kallon malamin nan yana karantar da ƙaya. Ƙayar ta kusa saukewa kuwa?”

Lantana ta so ta ji haushi, amma sai ta ji idonta ya cika. Ta roƙe ta ko za ta gwada. Malama Hawainiya ta ɗauki lokaci kafin ta sauko, sannan ta faɗi nata sharuɗɗan. Ba za ta yi wa yaro aikin gida ba. Ba za ta yi alkawarin zai zo na ɗaya ba, don ba ta san shi ba tukuna. Ɗalibi ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Kuma uwa ba za ta tsaya a ƙofa tana raɗa amsa ba. Daga nan ta juyo da idanunta biyu gaba ɗaya, ta ce, “Ke da kanki, yaya sawun dila yake?”

Lantana ta san amsar sarai. Amma kafin ta buɗe baki ta ji bayanta yana lanƙwashewa, hancinta ya nufi cikinta.

Malama ta ce, “To. Na ga inda ya samo.”

Washegari ta zo rana ta ɗaga. Ba ta kira sunan Tanimu ba, ba ta ma tsaya a gabansa ba. Cewa ta yi tana so ta je bakin kududdufin bayan gida, kuma ƙafarta ba ta da ƙarfi, ko akwai mai raka ta. Tanimu ya bi ta. A can ta zauna a gefensa, ta rikiɗe ta zama kalar laka har ya manta da ita. Ido ɗaya yana kan ƙasa, ɗaya yana kan yaron. Lantana, wadda aka hana tsayawa a ƙofa, ta laɓe a bayan ciyawa, tunda ba a ambaci ciyawa a sharaɗi ba.

Can sai Malama ta yi magana kamar da kanta take yi. Ta ce, “Ikon Allah. Ga sawun kura a bayan gidan mutane.”

Sai wata ƙaramar murya ta ce, “Na kwaɗo ne, Malama.”

“Kwaɗo? Kai dai yaro ne. Ni na girme ka.”

“Kura ba ta tsalle haka. Ga inda ya dira, ga inda ya sake dira.”

Malama ta ce ita dai ba ta yarda ba, sai ya nuna mata na kura ta gani. Bai san na kura ba. Suka tafi nema tare, a hankali, don ita ba ta da wata tafiya sai a hankali. Haka ta yi ta yin kuskure kwana da kwanaki, Tanimu yana gyara mata, inda bai sani ba kuma su tsaya a kan sawun har ya sani. Har ya fara gaya wa uwarsa cewa Malama tana da kirki amma tana bukatar taimako. Da Lantana ta tambayi Malama ko ɗanta haziƙi ne, sai ta ce ba daƙiƙi ba ne, ba kuma abin da take gaya wa maƙwabta ba ne, kuma har yanzu idan aka ɗaga murya yana shigewa.

Matsalar ita ce unguwa ta ji shiru. Lantana ta sallami Malam Zakara, kuma babu abin da ke fita daga gidan sai kukan ƙanwar Tanimu, Ladidi. Delu ta tare ta a bakin rafi a gaban kowa, ta sassauta murya yadda kowa zai ji, ta ce, “Lantana, ko gara ce ta ƙare a gidan? Ki faɗa mini, ni ba baƙuwa ba ce. Yaro dai ba a wasa da karatunsa.”

Lantana ta koma gida ba ta ɗebo ruwan ba. Da kunya ta gaya wa Malama cewa tana so ta dawo da Malam Zakara, ba don komai ba sai don bakin mutane. Ta zaci Malama za ta yi fushi. Sai Malama ta yi kore, ta yi ruwan ƙasa, sannan ta ce a dawo da shi, dama tana neman mai hayaniya. Amma a cura laka daidai girman Tanimu, a birkiɗa ta cikin ƙarangiya, a ajiye a ƙofar gida.

Malam Zakara ya dawo da asuba, ya tarar da ɗalibinsa a inda ya bar shi. Ya buɗe ƙirji ya fara. Unguwa ta samu natsuwa. Shi ma ya lura da ci gaba, don ya gaya wa Lantana cewa yaron ya daina ko motsin da yake ɗan yi a da.

A bayan gida kuwa Malama ta fara da Tanimu daga nesa, inda muryar ba ta da kaifi. Kullum su matso kaɗan. Da farko duk sanda aka kwaɗa sunansa sai ya dunƙule, ita kuma ta jira, ba ta cewa komai, har ya gaji da duhu ya leƙo. Daga baya sai hanci kawai yake shiga. Kafin kaka, Tanimu yana jingine da bangon gida yana amsa tambayoyin Malam Zakara ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma ya ce wa Malama malam ya yi kuskure.

Ranar jarrabawa Malam Gauraka ya kira sunansa, tsamiya ta amsa. Lantana ta ga hancin ɗanta ya nufi ciki, ta rufe ido. Da ta buɗe, hancin ya dawo. Ya faɗi na dila, ya faɗi na gada, ya faɗi na kura. Ya rikita na tunku da na kurege, aka gyara masa, bai shige ba. Bai zo na ɗaya ba, bai ma kusa ba. Amma an buɗe masa fadama.

Labari ya cika daji. Shugaban ƙungiyar malaman lesin, Malam Aku, ya kira taro a gindin ɓaure don a yanke, sau ɗaya a huta, wane ne malamin kirki. Iyaye suka cika wurin. Malam Biri ya ce malamin kirki shi ne wanda ɗalibinsa ba ya kai aikin gida da kuskure, kuma a tuna shi ya fara aza harsashi. Malam Aku ya ce shi ne wanda ɗalibi ke maimaita maganarsa ba ragi ba ƙari, ya kuma maimaita hakan don a gane. Aka nemi Malama Hawainiya, aka ce tana hanya. Sai Malam Zakara ya hau kututture.

Ya ce, “Jama'a, ni ba mai yabon kai ba ne, kowa ya sani, don na sha faɗa. Yaron nan an kawo mini shi ba ya magana. Ban tsananta masa ba. Ban taɓa tilasta masa ya amsa ba. Ban ma taɓa neman ganin fuskarsa ba, don ilimi ba a fuska yake ba. Ranar da aka yi ruwan sama, ni da shi muna nan a ƙofa, bai gudu ba, ban gudu ba, har na ga yana ramewa saboda himma. Ilimi abu ne da ake zubawa. Aikin malami ya zuba da ƙarfi, aikin yaro ya tsaya cik. Wanda bai yarda ba ya tambayi gida na huɗu.”

Gida na huɗu ya shaida. Sai Malam Aku ya ce saura shaidar uwa. Ya ɗaga murya ya ce, “Maman Tanimu, fito ki gaya wa jama'a wanda ya koyar da ɗanki.”

Lantana ta fito da niyyar faɗin gaskiya, tun a gida ta shirya kalmominta. Ta ɗaga kai ta ga idanu. Ta ga Delu a gaba da 'ya'yanta reras, ta ga sauran iyaye mata, kowace da yaro a gefe tana jiran ta ji suna ta ruga. Ta tuna Malama ɗalibi ɗaya take ɗauka. Ta tuna Ladidi baɗi za ta shiga makaranta. Ko kunya ce ko lissafi ne, ita kanta ba ta taɓa iya rabewa ba. Ta dai dunƙule.

Malam Aku ya ce, “Kun gani. Godiya ta hana ta magana.”

Aka naɗa Malam Zakara gwarzon shekara, aka zartar cewa daga yau malamin kirki shi ne wanda ake ji a gida na huɗu, aka watse.

Washegari da sassafe Lantana ta ɗauki ƙwaryar gara, ta riƙe hannun Ladidi, ta bi ta bayan gida don kada ta haɗu da layin da ya taru a ƙofar Malam Zakara. Ta tarar da Malama a kan reshe, ba ta daɗe da dawowa daga taron ba, ta isa ne bayan an share wurin. Lantana ta fara ba da haƙuri. Malama ta ce ta bar shi, da ta faɗa da yanzu an sa ta koyon cara. Ta juyo da ido ɗaya kan Ladidi, ta tambaya ko ita ma tana shigewa.

Kafin uwar ta amsa, Ladidi ta ce ita ba ta shigewa, ita ta san komai, kuma wancan sawun da ke ƙasa na giwa ne. Sawun Delu ne.

Malama ta daɗe tana kallonta, sannan a hankali ta fara sauya kala zuwa wata da Lantana ba ta taɓa gani ba. Ta ce, “To. Wannan ba zan yi mata kuskure ba, tana da nata.”

Curin ƙarangiyar nan kuwa yana ƙofar gida har yau. A duk ɗaliban da Malam Zakara ya koyar a dajin, shi kaɗai ne bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba.