Mai Kuka a Lamba Biyu Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannayen da har yau sabulu bai gama fitar musu da maiƙo ba, Merle Tackett na garin Dayton yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar giyabos ɗin jar motar mahaifinsa, ƙirar 1969. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan hanyar Xenia, yana tsaka da shiga lamba uku, bayan shekara hamsin da biyar yana aiki.

Marigayin mai lamba huɗu ne, kuma bai taɓa kwaɗayin ta biyar ba. Taurin kai kam yana da shi. Sai an taka kulochi sau biyu yake yarda, ribas kuwa sai da lallashi. Amma bai taɓa yar da kowa a hanya ba. Shi ya kai iyayen Merle, Orville da Wilma, coci ranar aurensu, shi ya ɗauko Merle daga asibitin haihuwa, shi kuma ya bi gawar Orville zuwa maƙabarta a lamba ɗaya, a natse. An fi saninsa da kukan da yake yi a lamba biyu, wiiiii, siriri mai tsawo, wanda ake jiyowa tun daga kwanar layi.

Ƙauna ce ta yi ajalinsa. Bara Merle ya ga tsufa ya kama shi, sai ya zuba masa man giya na zamani, wanda ya fi kowane kyau a kanti. Ashe irin wannan man, cin tagulla yake yi. Da Lonnie bakanike ya buɗe cikinsa, ya tarar zobban tagullar da ke ciki sun zama gari, sai ya cire hula.

"Kai Merle, wa ya aike ka?" in ji shi. "Shekara hamsin yana shan man talaka lafiya lau, ka zo ka kashe shi da gata."

An naɗa magaji, sabon giyabos mai lamba shida, wanda sai da aka yanke ƙasan motar kafin ya samu wurin zama, don haka babu batun komawa. Yana da ladabi, yana shiga da yatsa biyu, ba a jin ko tarinsa. Iyalan ba su riƙe shi da komai ba.

Marigayin ya bar inji mai silinda takwas, da farar sandar giya wadda tafin hannun Orville ya goge sumul, da hannun daman Merle da har yanzu yake laluben ribas a inda babu shi. Ya kuma bar Wilma.

Wilma ta haura tamanin, kuma mantuwa ta cinye mata sunaye da fuskoki, amma ba ta taɓa wannan kukan ba. Duk Lahadi da yamma, da Merle ya karyo kwana a lamba biyu, sai ta miƙe ta ɗora kofi a wuta, ta fito bakin ƙofa tana cewa, "Ga mutanen gidana nan." Daga nan sai ta kira ɗanta da sunansa. Lahadin da ta wuce ya iso shiru, ya same ta a zaune. Ta dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo, ta ce, "Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?" Merle bai yi kuka a kan hanyar Xenia ba, a nan ya yi.

Za a ajiye gawar a garejin Lonnie ranar Asabar da ƙarfe goma, a kan benci, an wanke ta tas. Akwai kofi da gasasshen nama. Masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri, kada su zo.

Iyalan ba sa buƙatar furanni. Roƙonsu ɗaya ne: duk mai tsohuwar motar da giyabos ɗinta yake kuka a lamba biyu, ya taimaka ya biyo ta layin Harbine ranar Lahadi da ƙarfe huɗu, a hankali, kada ya canja giya. Merle zai tsaya a bakin ƙofar gidan Wilma mai lamba goma sha huɗu, yana jira ta ji kukan ta buɗe masa.