Harsashin Cinyar Tunau Tela

A wani gari da ake kira Ƙalau, inda ba a yarda mutum ya ce yana jin tsoro ba sai da izinin Ma'aikatar Kwantar da Hankali, an yi wasu manyan mutane masu son bindiga kamar ransu. Ba mafarauta ba ne, ba sojoji ba, ba ko 'yan sintiri ba. Masu manyan riguna ne da taushin tafin hannu, waɗanda kullum da la'asar suke shimfiɗa darduma a gindin ɗorawar ƙofar fada, a kawo musu shayi da balangu, su buɗe hotunan bindigogi a wayoyinsu, su yi ta gardama har a kira magariba. A cikinsu babu wanda ya taɓa danna kunama. An ce wata rana tayar babur ta fashe kusa da su, sai da aka zaro mutum biyu daga cikin kwata. Amma dai dokin mai baki ya fi gudu, kuma a Ƙalau shi kaɗai ake ɗaura wa sirdi.

Gardamar tasu guda ce, ta kuma girmi 'ya'yan wasunsu. Idan harsashi ya fita, hayaƙi mai zafi yana bin sa a baya. Maƙeran bindiga suka ga bai kamata ya tafi a banza ba, sai suka tare kaɗan domin ya tura ƙarfen ciki baya, ya tofar da kwanso, ya ɗora sabon harsashi. To, a wata bindigar hayaƙin ne da kansa yake bin siririn bututu ya faɗa cikinta ya yi turin. Ba ta da nauyi, saitinta ba ya rawa, sai dai cikinta ya ɗau zafi ya yi baƙi kamar gindin tukunya. A wata kuma wani ɗan ƙarfe da ake kira fistan hayaƙin yake bugawa tun daga gaba, fistan ya tura sandar ƙarfe, sanda ta yi aikin. Cikinta fes, tana jure ƙura da rashin goge-goge, sai dai tana da nauyi ta gaba. Iyakar maganar ke nan, kuma ita ta raba Ƙalau gida biyu.

'Yan Hayaƙi suna ƙarƙashin Alhaji Barau Sarkin Bindiga, wanda makullin ɗakin makaman gari yake rataye a wuyansa. 'Yan Fistan suna bin Injiniya Sallau, wanda ya je wata ƙasa koyon gyaran famfo ya dawo da tabarau. Majalisa ta rabu, kasuwar Ɗauki-Ka-Gudu ta rabu, har mahauta akwai na Hayaƙi akwai na Fistan. Shi kuwa Sarki Sai-An-Duba, Allah ya ja zamaninsa, ya ƙi ɗaukar ɓangare, tunda duk ɓangarorin biyu suna kawo gaisuwa.

Tunau tela yana cikin 'yan tsirarun da ba ruwansu. Shi abin da ya sani, keken ɗinkinsa na takawa ne, kuma ƙafar damarsa ce take ciyar da shi da matarsa Delu da 'ya'yansu. Wata ranar kasuwa ya saro yadi a wani ƙauye, yana dawowa sai ya yi kiciɓis da mutanen bayan dutse, waɗanda dokar Ƙalau ta ce kada a kira su da wani suna sai Maƙwabta. Maƙwabta suka karɓi yadin, suka bar masa harsashi a cinyar dama, masu jakai suka tsince shi suka kai shi Asibitin Dawo-Gobe.

Abin mamaki, ranar akwai likita. Har ya wanke hannu ya ɗauko almakashi, sai ga Wazirin Jaje ya shigo da dogarai, ya ce Sarki ya ce a dakata.

Delu ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, jini fa yake zubarwa."

Waziri ya ce, "Haƙuri za ki yi, baiwar Allah. Abin da ke cinyar mijinki ya fi ƙarfin gidanku. Shaida ce ta gari, kuma ba a taɓa shaida sai an gama shari'a."

Ashe labari ya kai gindin ɗorawa. Mutanen da suka shekara da shekaru suna gardama a kan hoto, yau ga tsuntsu daga sama gasasshe: mutum da ransa, da bakinsa, da harbi sabo fil a jikinsa. Aka ɗauko Tunau da gadon asibitin gaba ɗaya, aka dire shi a tsakiyar darduma, kusa da tiren balangu.

Alhaji Barau ya gyara babbar riga ya ce, "Malam Tunau, sannu da arziki. Daga nesa aka harbe ka, ko ba haka ba?"

"Ban tsaya aunawa ba, ranka ya daɗe."

"Ka ga wanda ya yi harbin?"

"Gudu nake yi."

Barau ya juya wajen mutanensa yana washe baki. "Kun ji ko? Mutum yana gudu, aka samu cinya cif! Wace bindiga ce take da wannan saiti in ba ta hayaƙi ba?"

Injiniya Sallau ya sauke tabarau kan hanci ya ce, "A'a, Alhaji, kada ka yi mana fashin shaida. Tela, akwai ƙura a wurin?"

"A cikinta na faɗi."

"Madalla! Ƙura, jama'a! Maƙwabta ko jikinsu ba sa wankewa, balle bindiga. Taku da tuni ta shaƙe ta ƙi tashi. Wannan aikin fistan ne."

Tunau ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Don girman Allah, a cire mini shi."

Aka gaya masa cikin ladabi cewa wannan ba ya cikin abin da ake tattaunawa.

Ya ɗauka abin na yini guda ne. Rana ta faɗi, aka ɗage zama, aka bar shi a zauren fada da dogari a kansa, kada wani ya sace harsashin. Gari ya waye aka sake fito da shi. Tun yana ƙirga zaman har ya daina. Yana kwance yana kallon ganyen ɗorawa, yana tuna ɗinkunan mutane da ya bari a kan keke, yana motsa yatsun ƙafar a ɓoye don ya ji ko suna nan. Kullum sai ya ji sun ƙara yi masa nisa, tsoro kuwa ya cika masa ciki, ga shi ba shi da izinin faɗa.

Cinya ta kumbura suntum, ta ɗau zafi, bakin raunin ya soma baƙi. Delu ta ga haka ta ɗora hannu a ka, su kuwa manya suka yi tsalle don murna. 'Yan Hayaƙi, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna rantsuwa cewa bindigarsu ba ta zafi ba ta baƙi, suka zagaye gadon suna nuni. "Ga zafi, ga baƙi! Wallahi tamu ce, ga tambarinta nan!" 'Yan Fistan, da ko a mafarki ba sa yarda tasu tana da nauyi, suka sa dogari ya ɗaga ƙafar ya sake ta. Ta faɗi tim, Tunau ya ƙwalla ƙara. Sallau ya ce, "Kun ji nauyi? Kuma ta gaba! Wa ya isa ya ƙwace mana wannan?" Da wari ya fara tashi, sai aka matsar da tiren balangu gefe, aka kunna turaren wuta, aka ci gaba.

Da Tunau ya ga ba sarki sai Allah, sai ya yi dabara. Ya ce ya tuna, ta hayaƙi ce, ya ji ƙarar da kunnensa. 'Yan Fistan suka ce zazzaɓi ne yake magana, ba a karɓar shaidar mai zazzaɓi. Washegari ya ce ya sake tunani, ta fistan ce. 'Yan Hayaƙi suka ce ai jiya an riga an tabbatar mai zazzaɓi ba shi da shaida. A kan wannan kaɗai ɓangarorin biyu suka taɓa haɗa baki tun da aka kafa garin.

Delu ta kutsa har gaban Sarki, ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce likita ya ce in aka ƙara jinkiri sai dai a yanke ƙafar. Sarki ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce za a duba. Nan haƙurinta ya ƙare. Ta miƙe tsaye, mayafi yana zamewa, ta ce, "To tunda shi bai sani ba, ku ba ku sani ba, ku kira wanda ya harbe shi mana ku tambaye shi!"

Baƙar magana ta yi, ta kuma tsaya jiran dogarai su fitar da ita. Can Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, matar nan fa ta zo da shawara."

A Ƙalau an daɗe ana shela cewa babu wanda ya san inda Maƙwabta suke, daji ya yi faɗi, dutse ya yi tsawo. Ranar dai Alhaji Barau ya koma gefe da wayarsa, kafin shayi ya huce ya dawo ya ce Babban Maƙwabci ya amsa gayyata, sai dai yana son a share hanya.

Aka share hanya, aka yayyafa mata ruwa. Babban Maƙwabci ya iso da hantsi, wani siririn saurayi da bindiga a kowace kafaɗa, sanye da sabuwar riga. Tunau ya dubi rigar ya gane yadinsa, har ya lura ɗinkin wuyan ya karkace. Aka shimfiɗa wa baƙo kilishi kusa da Sarki, aka dama masa fura, Wazirin Jaje da kansa ya riƙe masa ludayi.

Baƙo ya leƙo gadon ya ce, "A'a, tela, kai ne? Sannu, ya jiki? Yadin nan naka fa yana zuba a wanki."

Tunau ya kawar da kai.

Sallau ya russuna ya ce, "Babban baƙo, kai ne masani. Da wacce ka yi wannan aiki?"

Baƙo ya lashe ludayi ya yi ɗan tunani. "Wallahi ban lura ba. Mu duk wadda aka aiko mana ita muke ɗauka, kuma a akwati ɗaya suke zuwa." Ya dubi wuyan Alhaji Barau, Alhaji Barau ya yi tari ya tura makulli cikin riga. "Amma abin ai mai sauƙi ne. Ga su nan duka biyun na zo da su, ga tela da sauran ƙafa guda lafiyayya. A gwada ɗaya a kanta. In ya ji daidai da na farko, ita ce. In ya ji bambanci, ɗayar ce. Gani ya kori ji."

Gindin ɗorawa ya kaure da tafi. Wani dattijo ya share hawaye ya ce yaron nan da ya yi boko da ya mulki duniya. Sarki, wanda bai taɓa yanke hukunci ba tun da aka naɗa shi, ya ce a yi hakan. Dogarai suka danne Delu, wasu suka yaye zanen da ya rufe ƙafar hagu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tunau ya bi fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi wa ɗinkin suna da na aure, yana neman wanda zai ce a'a.

Sai kuwa aka ji murya ta ce, "Ban yarda ba!"

Zuciyar Tunau ta yi sanyi, har ya fara hamdala. Injiniya Sallau ne ya miƙe, yana nuna baƙo da tabarau. "Ban yarda ba! Na ga ta hayaƙi ya fara saukewa. Wa ya ce da ita za a gwada?"

Barau ya zabura. "To da wacce? Ai babba shi ke gaba!"

"Babba a ina?"

Wuri ya sake rikicewa, baƙo ya jingine bindigogin ya koma kan furarsa. Tunau yana kwance a tsakiya, lissafin ya fito masa fili. In gardama ta ƙare yau, ƙafar hagu ta tafi. In ba ta ƙare ba, ta dama tana nan tana ruɓewa. Ya dubi ta dama, ya gwada motsa yatsunta, ba su amsa ba. Ya dubi ta hagu.

Can wajen azahar muryoyi suka fara dishewa, Waziri ya ce ko a jefa ƙuri'a a huta, kawuna suka fara gyaɗawa. Tunau ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya dafa gado ya ɗago, ya buɗe murya yadda duk ƙofar fada za ta ji.

"Ƙuri'ar me? Kowa ya san fistan tarkace ne! Nauyin banza, sai ka ce taɓarya!"

'Yan Fistan suka yi caa. Delu ta tsaya tana kallon mijinta baki buɗe. Da ƙurar ta fara lafawa, sai ya juya ya ce ita kuma ta hayaƙi ai murhu ce, ba bindiga ba.

Masu zuwa daga Ƙalau sun ce har yanzu ana can ana yi, kuma duk gindin ɗorawa babu mai kaifin baki kamar tela. An ma ba shi sarautar Garkuwan Gardama, an naɗa masa rawani a kwance. Shi kuwa Babban Maƙwabci an ba shi ɗaki a cikin fada, shi da yaransa, su jira hukunci. Ya ce kada kowa ya yi gaggawa saboda shi, a bi komai a tsanake. Abu ɗaya kawai ya roƙa, a bar masa ƙofar da ta kalli kasuwa a buɗe, don shi mutum ne da ba ya son zaman banza.