Ranar da Na Kama Fenaritin Ango

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Dauda ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Azare ba za su bar ni ba. Har yau in na zauna a majalisa aka rasa abin hira, sai wani ya gyara zama ya dube ni ya ce, "Ku kuwa kun tuna ranar da mutumin nan ya kama fenaritin ango?"

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shiga hannun mutane ba, ni kuma ina ganiyar samartaka. Da safe ina zama a shagon kawuna inda muke sayar da kayan keke, da yamma ni ne golan ƙungiyar unguwarmu. Ana kirana Maganaɗisu (gaskiya dai ni na raɗa wa kaina sunan, na sa mai fenti ya rubuta mini shi a bayan jesi, har mutane suka gaji suka bi). Burina ɗaya ne a duniya, in fita waje in yi ƙwallo.

Yaya Dauda maƙwabcinmu ne, ɗan ƙwallo ne mai tsaron baya, kuma shi kaɗai muka sani da ya taɓa cika irin wannan burin. Wani dillalin 'yan wasa ne ya kai shi Indonesiya, ya yi shekaru yana buga wa wata ƙungiya a can. Da ya dawo zai auri wata yarinya 'yar Katagum, sai ya zo da amininsa, wani ɗan Indonesiya da yake buga wa ƙungiyarsu gaba, lamba tara. Sunansa ya yi wa bakinmu tsawo, muka mayar da shi Ɗan Jakarta, duk da Yaya Dauda ya sha faɗa mana cewa garinsu da Jakarta tafiyar kwana biyu ce a jirgin ruwa.

Mutum ne ɗan madaidaici, ba shi da jiki, kullum yana murmushi, kullum yana sahun gaba a masallaci. Tarihinsa kuwa na haddace shi fiye da yadda na taɓa haddace karatun makaranta. Ɗan masunta ne, a bakin teku ya koyi ƙwallo ba takalmi. Ya fara daga ƙaramar ƙungiyar ƙauyensu, ya hau ta birni, ya ji ciwo a gwiwa har aka fitar da rai zai sake gudu, ya jinyaci kansa shekara guda ya dawo, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a ƙungiyarsu. Yaya Dauda ya ce in mutumin nan ya yi magana, kocinsu yana saurara. Ni dai wannan jimlar ta ƙarshe ita kaɗai ta zauna mini a kai.

Na tare Yaya Dauda a ƙofar gida na ce, "Yaya, don Allah ka yi masa maganata."

Ya ce, "Ka bari a gama biki, ɗan'uwa. Kaina ya yi zafi yanzu."

Na ce to, amma a raina na ce in aka gama biki ai baƙo ya hau mota.

A wajenmu in ɗan ƙwallo zai yi aure, ana yin wasan ango ranar Juma'a da la'asar: abokan ango gefe ɗaya, ƙungiyar unguwa gefe ɗaya. Kuma akwai abin da kowa ya sani, har tsohuwa mai ƙosai a bakin fili ta sani. Daf da tashi, rafali zai ƙirƙiro fenariti ya ba ango. Gola zai yi tsalle ya faɗi ɗaya gefen, ƙwallo ta shiga, makaɗa su saki kalangu, a ɗauki ango a kafaɗa a zagaya fili da shi. Ba a taɓa saɓa wannan ba. Ga Yaya Dauda kuwa abin ya fi na kowa muhimmanci, don duk shekarun da ya yi a waje bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, ga dangin amarya sun cika mota biyu daga Katagum sun zo su ga surukinsu ɗan ƙwallon ƙasar waje.

Kafin a fara, kocinmu Malam Garba ya ja ni gefe ya ce, "Ta hannun damanka zai buga. Kai ka faɗi hagu. Ka ji ko?"

Na ce, "Haba Koci, yau na fara?"

Aka take wasa. Ni duk tunanina Ɗan Jakarta zai yi ta narko mini ƙwallo ina kamawa, shi kuma yana gyaɗa kai. Ina! Mutumin nan da ya zo gaban raga sai ya yi murmushi ya miƙa wa wani. Ya ba mai tumbi, ya ba mai sanƙo, ya ba wani abokin ango da rabonsa da gudu tun yana firamare, su kuma suna ta aika ƙwallo bayan katangar makaranta. Har aka kusa tashi, safar hannuna ba ta ko yi datti ba. Zuciyata ta fara tafasa. Ga mutumin da zai kai ni Indonesiya yana tsaye taku goma daga gare ni, bai ga komai a wajena ba sai tsayuwa.

Sai rafali ya hura usur ya nuna tabon fenariti (babu wanda ya taɓa kowa, ƙwallon ma tana tsakiyar fili). Yaya Dauda ya ajiye ƙwallo, ya ɗaga wa surukai hannu, har ya ƙifta mini ido. Makaɗa suka ɗaga makaɗi sama suna jira. Na hango Ɗan Jakarta ya riƙe ƙugu yana kallona, ni kaɗai, karo na farko tun zuwansa garin.

Wallahi na so in faɗi hagu. Amma da ƙwallo ta taso, sai na ji ni a sama ina tafiya dama. Na cafe ta da hannu biyu, na mirgina sau biyu (na biyun ƙari ne, don a gani), na miƙe na ɗaga ta sama ina jiran tafi.

Ko mutum ɗaya bai tafa ba. Mai kalangu ɗaya da ya riga ya sako hannu ya buga sau ɗaya ya tsaya. Can daga bencin mata na ji muryar gwaggon amarya ta ce, "Wannan ɗan gidan uban waye? Ko shi ma ya nemi yarinyar ne aka hana shi?"

Rafali, Allah ya saka masa, ya hura usur ya ce gola ya motsa, a sake. Malam Garba ya zagayo bayan raga yana huci ya ce, "Hagu, don girman Allah! Hagun da kake riƙe buta!" A lokacin kunya ta riga ta rufe ni, na rantse a raina ko bango ne a hagu sai na faɗa masa. Abin da ban sani ba shi ne, Yaya Dauda ya daina yarda da ni. Ya lissafa cewa wannan mara mutuncin zai sake zuwa dama, don haka ya tattara duk haushinsa ya narka ta hagu. Muka haɗu da ita a can. Ta same ni a ciki, na dunƙule a kanta ina neman numfashi. Na kama fenaritin ango sau biyu a gaban surukansa.

Ina kwance na ga takalmi a gaban fuskata. Ɗan Jakarta ne. Ya kama hannuna ya tashe ni a hankali, ya kakkaɓe mini ƙasa, ya zare safar hannuna ɗaya bayan ɗaya ya sa. Sai ya riƙe ni kamar ana raka maras lafiya, ya kai ni bayan layi ya tsayar, ya koma ya shiga raga. Yaya Dauda ya buga a karo na uku. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wulaƙanta gololi ya yi wani tsalle mai ban sha'awa zuwa inda ƙwallo ba ta, ya faɗi, ya dafe kai yana dukan ƙasa wai takaici. Kalangu ya ɓarke, aka ɗauki ango, aka ɗauki baƙo. Ni kuma na bi ta bayan katanga na tafi gida, na tarar labari ya riga ni. Inna ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ashe son amaryar Dauda kake yi ba ka faɗa ba?"

Washegari na je ba da haƙuri. Yaya Dauda ya bar ni a tsugune har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce, "Sakarai. Tun a motar da ta ɗauko mu daga Kano na yi masa maganarka. Ya ce zai gwada ka ranar Lahadi da safe, ku biyu kawai. Faɗuwa ɗaya aka roƙe ka."

Kuma mutumin kirki, bai fasa ba. Lahadi da hantsi muka je fili. Ya jera ƙwallo, kafin kowane bugu sai ya nuna mini da yatsa gefen da zai buga, don adalci. Ina zuwa gefen, ƙwallo ta riga ni. Ko ɗaya ban taɓa ba, sai wadda ta daki ƙarfe ta dawo ta same ni a ƙeya. Da muka gama ya dafa kafaɗata ya yi magana da yarensu, Yaya Dauda ya fassara mini yana danne dariya: "Ya ce kana da zuciya. Ya ce kuma ka riƙe shagon kawunka da kyau."

Na riƙe, kuma alhamdulillahi shagon nawa ne yanzu. Abin da na koya kuwa bai da yawa: in an ce ranar wani ce, ka bar masa ranarsa, taka tana nan zuwa, kuma mai yiwuwa in ta zo ka gode wa Allah da babu 'yan kallo.