An Kama San Ila Da Laifin Cin Proje

Ran Talata na yini a layin esansi a Tanout, na koma gida ina tura babur. Man ya ƙare ne a cikin motoci tara na Masu Girma Likitocin Ƙasa, waɗanda za su ƙauyenmu auna numfashin ƙasa. Allah ya ƙara musu lafiya.

Ga asalin maganar. Bara suka kawo mana proje, wato aikin raya karkara, suka dasa mana dakwara ɗari biyar a bayan gari. Suka ce ƙasa tana fitar da iskar da ke ɗumama duniya, amma in an binne gawayin kara a gindin itace sai ta riƙe abinta. Na karanta haka a ƙasar da na yi karatu, ba kuma ƙarya ba ne. Sai dai a can kara shara ne. A nan yankinmu na Damargu kuwa kara shi ne tuwon dabba tun daga kaka har saukar ruwa. Baƙo ko da ido makaho ne.

Suka sa aka tara karan hatsin gari, aka turara shi a rami ya zama gawayi, aka binne. Har da na maƙwabcina Ila, wanda ya ɗora a kan aduwa saboda sansa guda ɗaya tilo, mai ja masa amalanken ruwa.

"Malam," in ji Ila, "kai da ka yi boko, gawayin nan wa zai ci?"

"Ƙasa."

"San fa?"

"Ba ya cikin takarda."

Da bazara ta kama, haƙarƙarin san nan ko daga masallaci kana iya ƙirga shi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi: ya ture shingen proje, ya bi dakwara layi-layi, ganye da ƙaya bai bar komai ba sai 'yan tsiraru.

Masu Girma suka iso suka tarar da tsinke. Ko gezau. Babbansu ya kifa wani kwano mai waya a ƙasa, ya duba lamba, ya ce iskar tana nan lafiya lau a ƙarƙashi. Aka tafa, aka ɗauki hoto.

Salamatu matar Ila ta ce, "Ranka ya daɗe, itacen fa?"

"Baiwar Allah, itace aikin wani buro ne, ofishinsu daban. Mu ƙasa muke aunawa."

Amma laifi ba ya kwana babu mai shi. Aka ɗaure san Ila, aka kai shi kurkukun dabbobi na birni, inda ake ciyar da ɗaurarre har mai shi ya zo.

Yau da safe na tarar da Ila yana fifita shayi.

"Ba za ka je karɓo shi ba?"

"In kawo shi ya ci me, kai? Na leƙa shi jiya. Dusa da harawa, safe da yamma. Ko kallona bai yi ba. Ranar da aka yi ruwan shuka zan je in ba da haƙuri."

Ina tashi Attahir mai faci ya tare ni a lungu, murya ƙasa-ƙasa. Yana da awaki uku da jaki, yana son sanin ko akwai sauran dakwara. Na ce saura sha ɗaya, ya hanzarta.

Kada in ƙara jin wani ya ce proje ba ya ciyar da talaka. Yana ciyarwa, in dai talakan ya zo da ƙafa huɗu kuma ya yi laifi.